Kwanon Rufin Judith

A masaƙar Kakuri inda muka yi aiki tare, ba kowa ya san sunansa Shekari ba. Baƙo ake ce masa, shi kuma ya amsa da murmushi. Shi ya jawo wa kansa sunan, don da wuya ya yi zance bai ce mu baƙi ne a duniya ba. Mu sauran a coci muke rera wannan magana ranar Lahadi, mu bar ta a can. Shi kuwa da ita yake kwana, da ita yake tashi. A ganinsa duk abin da ke hannun mutum aro ne, kuma wanda zai tashi gobe ba ya kafa ƙusa a bangon masauki.

Haka ya yi zamansa, bawan Allah. Kekensa ya fi kwana a gidajen mutane. Benson na sashen rini ya taɓa tsokanarsa, ya ce tunda tafiya zai yi, ya bar masa agogon hannunsa. Nan take Shekari ya kwance ya miƙa masa, sai da Benson ya yi ta roƙo kafin ya karɓi abinsa. Lokacin da aka fara rage ma'aikata kowa ya rame, shi ko a jikinsa.

Matarsa Judith tana suyar ƙosai a ƙofar masaƙa. Ba ta musun maganar mijinta, ita ma 'yar zumuntar mata ce, ta san waƙoƙin. Abu ɗaya take so: ɗaki a gidan mahaifinsa, can ƙauyensu na wajen Zonkwa. A garin nasu, in matar aure ta rasu, a ɗakinta na gidan miji ake kwantar da ita, danginta su shiga su yi mata ban kwana. Wadda ba ta da ɗaki, kamar ba a taɓa karɓarta a gidan ba ne. Ƙaninsa Yakubu, da bai taɓa barin gona ba, ya gina wa matarsa Deborah nata tun tuni. Shi kuwa in Judith ta tuna masa, sai ya ce gidansu na can sama, wanda ba a gina da hannu ba.

"Baban Comfort," takan ce masa, "baƙo ma ai inuwa yake nema."

Da ta ga ba zai motsa ba, sai ta fara sayen kwanon rufi ɗaiɗai da ribar ƙosai, tana jinginawa a bayan gado. A kan idonsa abin ya yi ta ƙaruwa.

A farkon daminar 1985 iska ta yaye rufin Ayuba, wani da aka sallama daga masaƙa ya koma noma a Kakau. Shekari ya je ya tarar da 'ya'yan Ayuba a rakuɓe, katifa ta jiƙe sharkaf. Bai tsaya tunani ba. Ya samo akori-kura, ya kwashe kwanon nan kaf, Judith tana kasuwa. Da ta dawo, zanen tsatsa kawai ta gani a ƙasa. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani mai tsawo. Ta saurara har ya gama, ta ce ya kyauta wa Ayuba, ta ɗauki tsintsiya ta share wurin. Shirunta ya ɗauka yarda ce. Ranar Lahadi har ya tashi ya ba da shaida a coci, cewa Ubangiji ya koya wa gidansu sakin hannu. Judith tana cikin mata, kanta a sunkuye.

Ba ta sake sayen kwano ba. Shekara na kewayowa ciwo ya kama ta, bai kuwa daɗe da ita ba.

Ƙungiyar 'yan garinsu ta ɗauki mota, aka kai ta gida. Rana tsaka aka isa, mutane sun cika tsakar gida. Gwaggon Judith, tsohuwar da ta rene ta, ta dogara sanda ta tari akwatin gawar a ƙofa, ta tambaya ina ɗakin 'yarta. Masu ɗauke da akwati suka tsaya cikin rana, ba su san inda za su nufa ba. Deborah ce ta ruga ta fara fito da tukwanenta da kayan 'ya'yanta a gaban kowa. A ɗakin aro aka kwantar da Judith.

Tsohuwar ta juyo wajen Shekari. Ba ta ɗaga murya ba.

"Surukina, an ce mini kai baƙo ne. To na ji. Ita fa? Ita ma baƙuwa ce a gidan ubanka?"

Mutumin da yake da aya ga kowace magana ya tsaya yana kallon takalminsa. Har aka rufe kabari bai ɗaga kai ya dubi dangin matarsa ba.

Ayuba yana wurin, a bakin mata ya ji asalin kwanon da ke kansa. Ya zo wajen Shekari ya ce gobe zai kware rufin ya kawo. Shekari ya hana shi. Ya ce in ma duk abin duniya aro ne, to wannan ita aka ara wa, ba shi ba, shi ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, har ya karɓi yabo a kai. A bar 'ya'yan Ayuba su ci gaba da kwana a inuwar Judith.

Bai daina gaskata cewa mu masu wucewa ne ba, amma daga ranar ya daina faɗa. In an ce Baƙo, sai ya amsa babu murmushin nan, har mutane suka gane suka bari. Duk hutun da ya samu gida yake tafiya, ya kwaɓa ƙasa, ya buga tubali da hannunsa. Bai yarda Yakubu ya taya shi ba. Da rani ya rufa ɗakin. Ya kai kaskon ƙosanta ya ajiye a kusurwa, ya kafa ƙusa a bango ya rataye zanenta na zumunta. Ya aika wa gwaggonta ta zo ta gani, ba ta zo ba. Shi ma bai taɓa kwana a ciki ba. In ya je gida a zaure yake shimfiɗa tabarma. Da 'yarsa Comfort ta tambaye shi dalili, ya ce ɗakin uwarta ne, ba ta ce masa ya shiga ba.

Bara, 1989, tari ya tafi da shi, Allah ya ba shi hutawa. Da muka isa da akwatinsa, Yakubu ya sa a share zaure, tunda nan marigayin ya zaɓa wa kansa. Sai ga tsohuwar an riƙo ta, idanunta sun kusa mutuwa. Ta ce a kai ta ɗakin. Ta shafa bango, ta shafa kaskon, hannunta ya kai ga zanen da ke jikin ƙusa, ta daɗe tana riƙe da shi.

"Ku shigo da shi," in ji ta. "Rana na dukansa a waje."