Dalmar Masunci a Fiffiken Injin Iska

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Talata Mafara, ni da abokin aikina mai walda, a bayan a-kori-kura. Kayanmu: fukafukai tara da na yanka daga bututun roba, kashi uku. Kashi na farko shimfiɗaɗɗu ne, na biyu masu lanƙwasa, na uku kuma na murɗa su da wuta, faɗi a gindi, siriri a baki. Yayana ya kafa mini doguwar sandar ƙarfe a Janbako tun bara don in sa wa ɗakin unguwarzoma wuta da injin iska. Sau biyu ina kai injin, bai juya ba. Ya ce in na uku ya ƙi, zai tumɓuke sandar ya yi rumfa da ita.

Da farko muka ratsa Bakura don karɓo dainamo, na'urar da ke ba da wuta in ta juya, wurin wani bakanike. Hanya da sauƙi, gonakin shinkafa kore shar. Muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ƙanƙance ba. Mai ƙosan ta leƙa motar ta ce, "Malam, wagga fanka ta gidan wane ƙato ce?"

Daga nan muka juyo muka nufi Maradun, bakin dam ɗin Bakolori, domin can iska ke kaɗawa ba gini ba itace. Muka gwada bi da bi. Shimfiɗaɗɗun suka yi tsaye kamar an yi musu laifi. Masu lanƙwasa suka juya a kasalance. Da muka ɗaura murɗaɗɗun sai ga gudu! Ƙwan fitilar da muka haɗa da dainamon ya kama da rana tsaka, na yi kabbara. Amma nan take ƙarfen da muka ɗora injin ya shiga rawa, notuna suna kwancewa. Dole muka tsayar.

Wani dattijon masunci yana gyaran birgi, ragar kamun kifi ta jefawa, a gefe. Ya ce, "Ɗana, sake shi ya tsaya da kainai." Muka kare iskar da tabarma muka saki. Sau uku, fiffike ɗaya ne kullum yake komawa ƙasa.

"Ka gani? Wanga ya hi 'yan'uwanai nauyi. Birgi ma in dalma ta taru gefe guda ba ya buɗewa."

Ya ɓallo dalma biyu daga birginsa, ya daddake su da dutse, muka ɗaure a gindin fukafukai biyun marasa nauyi. Muka matsa su gaba kaɗan, muka dawo da su baya kaɗan, har injin ya riƙa tsayawa duk inda aka bar shi. Muka ɗauke tabarma. Ya juya sumul, sai shuuu kake ji. Na ce, "Baba, me za a ba ka?" Ya ce in sayi kifi. Na sayi tarwaɗa, aka gasa mana.

Hanyar Janbako duk ramuka ce, na rungume fukafukan a cinya har muka isa bayan la'asar. Muka ɗora injin a kan sandar. Unguwarzoma ta danna makunni, ɗaki ya haskaka, ta rangaɗa guɗa. Yaya ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "To, rumfa sai a nemi itace."

Washegari muka dawo Mafara lafiya. Abin da na koya biyu ne, kuma a jere suke: a murɗa fiffike, sannan a auna nauyinsa kafin a fita gida. Na farko dama na sani. Na biyu sai da na je bakin ruwa.