Kwaɗon Gwaggo a Jirgin Yamai

Shekarar da gari ya ɗauki zancen mulkin kai aka mayar da maigidana Yamai. Komi ne, wato akawu, a gidan waya. Ya riga ni tafiya, sai bayan damina ya aiko in bi shi, kuma a jirgin sama. Ni da ban taɓa wuce Mirriya da ke nan kusa da garinmu ba. Da labarin ya iso sai na shige ɗaki na yi ta rawa ni kaɗai, Inna tana ta leƙowa tana tambaya ko lafiya.

Kayana duka a akwatin ƙarfe na aurena suke, shuɗi mai zanen furanni. Wani maƙwabcinmu da ya taɓa shiga jirgi ya ce ba a zama da kaya, karɓewa ake yi a kai su can ƙasan jirgin, ba ka sake ganinsu sai an sauka. Wannan magana ta tayar da hankalin gidanmu. Baba ya je kasuwa ya sayo kwaɗo sabo fil. Kawuna, baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar garinmu, ya kawo nasa da sarƙa, ya kuma ɗinka mini igiyar fata ta rataya makullai a wuya. Ana gobe tafiya sai ga Gwaggo, yayar Baba, daga ƙauyen Dogo, da ƙullin kuka da daddawa da gwangwanin man shanu, da wani ƙaton kwaɗo na ɗakin da marigayi mijinta yake ajiye gyaɗa.

"Gwaggo, ai an riga an sa biyu," na ce.

"Waɗannan 'yan tsaki? Matsa ki gani."

Aka sa tsarabarta a ciki, Kawu ya naɗe akwatin da sarƙa, Gwaggo ta datse nata a tsakiya da hannunta, ta tofa addu'a.

A filin jirgi mai awon kaya ya dubi akwatin, ya dube mu.

"Zinariya ce a ciki?"

"Kuka ce," in ji Gwaggo, ko murmushi babu.

Dariya ta kama ni a nan, ba ta sake ni ba har jirgi ya tashi. Kunnuwana suka toshe, na ga duwatsun Birni sun koma kamar curin fura a faranti. Duk sanda jirgin ya girgiza sai in ji kamar sarƙar ce ke kaɗawa a ƙarƙashin ƙafata, in sake tuntsirewa. Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena ta miƙo mini alewa, ta zaci tsoro ne.

Maigida ya tarye ni cikin farin kaki, yana ta ƙoƙarin kame fuska gaban abokan aikinsa. Da muka isa gida na ciro igiyar wuyana. Kwaɗon Baba ya buɗu, na Kawu ya buɗu. Makullai biyu ne kawai a igiyar. Sai a lokacin na tuna na ga Gwaggo tana ƙulle wani abu a bakin zanenta.

"Ina na ukun?" ya ce.

"Yana Dogo."

Ya zauna a kan akwatin, kafaɗunsa suna rawa, har hawaye ya zubo masa. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar ba tun aurenmu.

Wani maƙeri Bazabarme na bakin layi ya zo da kurfin saran ƙarfe da guduma. Bai jin Hausa, amma ya ɗaga kwaɗon ya jinjina, ya girgiza kai kafin ya sare sarƙar. Da muka ɗaga murfi, man shanu ya narke ya bi zannuwana kaf, har da na saƙi da Inna ta ba ni, ga daddawa ta cika ɗakin da ƙamshi.

Ƙamshin ne ya jawo matar maƙerin. Ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshinawa, ta ga abin da ya faru, ta koma ta ɗauko mini zane nata mai ruwan goro. Na ɗebar mata daddawa. Da yamma muna tsugune a bakin rijiya muna wanki, tana nuna sabulu da guga tana faɗin sunansu da Zabarmanci, ina maimaitawa a karkace, yaranta suna birgima don dariya.