Ni Ne Bakin Goggo

Ni na yi laifin, ba ita ba. Gara in faɗa tun daga farko, don na daɗe ina kewaye maganar nan ko a cikin raina. Duk shekara idan kaka ta yi aka fara ƙona kara a gonaki, warin hayaƙin ya shigo mini hanci, sai abinci ya fita raina. Matata ta ɗauka ƙirjina ne ba ya son hayaƙi. Ba ƙirji ba ne.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ba ta ji, ba ta magana. Ta taɓa aure bai yi ƙarko ba, ta dawo gida aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbunan gidan. Da aka yaye ni wurinta aka kai ni, na zauna ke nan. A bayanta na yi wayo, a tabarmarta nake kwana. Na iya maganar hannunta tun kafin bakina ya buɗe sosai. Kowa a gidan yana da suna a hannun Goggo. Mahaifina, sai ta shafi gemu. Wansa, wanda shi ne maigida, sai ta kumbura kumatu. Ni kuwa sai ta ja kunnen hagu, saboda wata tsaga da ƙaya ta yi mini a wurin. Sauran mutanen gida sun san zo, ci, ruwa, amma da zance ya yi tsawo sai a ce a kira mata bakinta. Ni ne bakin.

Ƙosai take soyawa kullum da safe a ƙofar gida. Ba ta jin ƙarar mai, tafin hannu take ɗagawa a saman kasko ta gane ya yi zafi. Masu tafiya gona sukan tsaya su nuna mata yatsu ta zuba musu, wani ya yi mata tsiya ta rama da ido kowa ya kwashe da dariya. Kaskon nan shi ne mutuncinta a garin.

Ina aji biyar a firamare abin ya faru. Gonarmu manne take da gida, an jera dammunan gero a bayan danga ana jiran a sa a rumbu. Bayan azahar na kamo fara, na ɗebi garwashi daga murhun Goggo a tsingaro don in gasa, na ɓuya a bayan dammunan don kada yara su ce in sam musu. Iska ta kaɗa. Kafin maza su iso da bokitai, rabin geron gidanmu ya zama toka. Goggo ta ga lokacin da na ɗebi wutar, ta kuma ga fitowata a guje.

Bayan la'asar maigida ya tara kowa a tsakar gida, tsingaron na hannunsa. An san na murhunta ne. Ya ce in tambaye ta. Goggo ba ta ja kunnenta ba, ta ɓoye sunana. Ta kaɗa hannu alamar iska. Ta matse yatsu biyu alamar abu ƙarami. Ta haɗa tafukanta tana roƙo, sannan ta bugi ƙirjinta sau biyu. Na san abin da take cewa sarai: yaro ne ƙarami, nawa ne, ku bar mini shi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta ce wuta 'yar kaɗan ta ɗauka za ta kai wa maƙwabciya, iska ta kwashe. Ta ce ita ce, a yi haƙuri."

Duk abin da na faɗa sun gan shi a hannunta, babu wanda ya yi shakka. Ita kuwa da ta ga leɓena na motsi, hawaye na zuba, sai ta ɗauka laifina nake amsawa. Ta gyaɗa kai, ta shafa mini ƙeya. Gyaɗa kan nan shi ya gama da ita.

Maigida ya ce daga yau kada ta ƙara taɓa wuta a gidansa. Aka tarwatsa duwatsun murhunta, aka kife kaskon a bayan ɗaki. Ina ji wata daga cikin matan gidan tana cewa, dama wanda ba ya jin kira ina zai ji ƙarar wuta.

Babu wanda ya yi wa Goggo bayani, don mai yin bayanin ni ne. A jikin mutane ta karanta hukuncinta. Idan ta fito a nuna ta da leɓe. Idan ta zauna a tabarma a ja jiki. Mai kawo mata tuwo ta dire kwano fuskarta na kallon wani wuri. Da bazara ta shigo hatsi ya ƙare aka fara sayar da awaki, duk ranar da tuwo bai isa ba ita ake harara. Sau da yawa takan tare ni ta buɗe tafukanta biyu tana tambaya me ta yi. Sai in kalli ƙasa. Wanda ya san kurma ya san kau da ido daga hannunsa daidai yake da toshe masa baki.

Akwai abin da yaran garinmu ke yi wa bebe, su sa ganye a baki, ma'ana kai da akuya ɗaya. A da dambe nake yi da duk wanda ya yi wa Goggo haka. Rannan a bakin rijiya yara suka sa ni a gaba, suna cewa ga ɗan bebiya mai ƙona gero, ko kai ma ka iya sa mata ganyen? Tana nan tana jan guga. Na tsinki ganyen darbejiya na sa a baki, na tsaya inda za ta gan ni. Ba ta ɗauki dutse ba yadda take yi wa sauran. Ta saki igiyar, ta dube ni na ɗan lokaci, na ga ta gane komai tun daga ranar gobarar. Sannan ta rufe idonta. Daga ranar, duk sanda na tsaya a gabanta sai ta rufe ido. Kafin ruwan farko ya sauka ta ɗaure kayanta ta koma wurin dangin mahaifiyarta a wani ƙauye wajen Gezawa.

Mahaifina da wansa sun rasu ba su san gaskiya ba, wannan kam ba ni da yadda zan gyara shi. Gonar an yanka ta fuloti-fuloti, rumbunan babu ko ɗaya. Yanzu a hanyata ta zuwa kasuwar Dawanau nakan ga yara kurame cikin kayan makaranta suna hira da hannu suna dariya, ba mai jiran a kira masa baki. Nakan tsaya ina kallonsu har sai na ji kunya.

Bara da kaka na je wurinta. Ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata idanu, ko da ta so ganin hannuna ba za ta gani ba. Matar da ke kula da ita ta ce, "Malam, ai wahalar da kanka za ka yi, ba ta gani." Na roƙe ta ta kira duk wanda ke gidan. Na durƙusa, na ɗauki hannun Goggo na kai kunnena na hagu. Yatsunta suka sami tsagar. Sai ta rufe idon da ba ya gani.

Ban saki hannun ba. Na kaɗa yatsuna a cikin tafinta alamar wuta, na ɗora hannunta a ƙirjina na buga sau biyu. Sannan na haɗa tafukana a tsakanin nata, na faɗa da ƙarfi don waɗanda suke ji su ji.

"Ni na ƙona geron, ni na yi miki ƙarya da bakinki. Goggo, don Allah ki yafe mini."