Kawu Na-Jiya da Abin Kunnen Makka

Duk wanda ya san Kawu Bawa a Jega ya san ba a taɓa kai masa magana ƙarshe ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu: "Na jiya, na jiya!" Alhali ko rabin zancen ba ka kai ba. Har sunan ya bi shi, Kawu Na-Jiya, kuma yana amsawa abinsa. Ni Hadiza, 'yar ƙanwarsa, na fi kowa shan takaicin wannan hali, kuma yau sai na amayar da shi.

Kun tuna ranar da aka yi masa aike daga Maiyama? Ɗan aike ya ce, "Kawu, matar Malam Isa ta..."

"Na jiya! Allah shi jiƙan ta."

Ya zura babbar riga, ya hau mota, ya isa Maiyama yana ta salati, sai ya tarar ana rabon goro. Ashe tagwaye ta haifa! Kunya ta kama kowa ban da shi. Ya dubi Malam Isa ya ce, "To, biyu lokaci guda, da tsadar hatsin ga? Ai ko yanzu jaje ya kama."

To, wannan mutumin ne Allah ya haɗa ni da shi a kan kwamfuta.

Yayansa, Alhaji Babba, ya daɗe da zama a Makka. Shekara ashirin da ɗoriya ba sa ga-maciji, a kan wata tsamiya da ke iyakar gonakinsu na albasa a Kashin Zama. Kowa ya ce tasa ce. Tsamiyar nan iska ta kayar da ita tuntuni, mata sun gama girki da itacenta, amma rigimar tana nan tsaye da ƙafarta. Kwatsam sai wani mahajjaci ya dawo da saƙo: kwamfuta da hedifon, abin kunnen nan marar waya. Alhaji Babba yana so su riƙa ganawa ta bidiyo duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Kunnen Kawu ya yi nauyi, ba ya jin wayar hannu sosai, shi ya sa aka haɗo da abin kunnen.

Da yake ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Aliero, ni aka ɗora wa jigilar. Amma fa aikina danna kira kawai. Kwamfuta tana kulle a akwati, makulli yana aljihun Kawu, kuma ya kafa doka: ba mai taɓa mata hanji.

Abin mamaki, in aka kunna masa wa'azi, murya tar-tar take fita a abin kunnen. Da an fara kiran bidiyo kuwa, sai komai ya dagule. Juma'ar farko ya zabura:

"Ke ɗiyar ga, kin ga mutumin ga? Da hanci shika yi min magana, awa kwaɗo cikin tulu! Da gangan shika yi!"

"Kawu, ba shi ba ne, abin kunnen ne. Ka ga, yana da..."

"Na jiya!"

Tun Juma'a ta biyu na gano ciwon, kuma maganinsa bai kai minti ɗaya ba. Amma ina! Kawu ya ce shi zai gyara kayansa. Da farko ya yi masa bugu uku a gwiwa, irin wanda yake yi wa injin ban-ruwa. Bai yi ba. Sai ya ce sanyin jirgi ne ya kama shi, ya binne shi cikin buhun gero kwana uku. Muka fito da shi yana ƙaiƙayi, kwaɗo yana nan daram cikin tulunsa.

Juma'a ta biyar na same shi ya ɗaura zare daga abin kunnen zuwa jikin kwamfuta.

"Kawu, wannan kuma fa?"

"Ke da bokonki! Magana na tahiya ba igiya? Ko guga sai da igiya."

Ana cikin kira wani ya yi sallama a zaure. Kawu ya miƙe da ƙarfinsa, zare ya fizgo kwamfuta daga kan tebur. Da ban tare ta da cinyata ba da tuni an yi mata sallah. Ya dube ni ina ɗingishi ya ce, "Kin gani? Zaren na aiki."

Wallahi ranar har hawayen haushi na yi a motar komawa Aliero.

Haka muka yi ta yi. Duk Juma'a tsoho yana kan allo, ya rame, yana motsa baki yana ɗaga hannuwa biyu. Kawu kuwa ba ya jin komai sai gurnani, amma yana ta zuba amsa: "Tsamiya tawa ta! Tun ran da Baba yar raba gona!" In na ce ya cire abin kunnen mu ji tare, sai ya ce zancen manya ne.

Ran nan Nasiru, ɗan Alhaji Babba, ya kira ni. Ya ce, "Hadiza, jikin Baba ya yi tsanani. Akwai maganar da yake so ya faɗa wa Kawu da bakinsa, ya hana mu isar da ita. Don Allah ki yi wani abu, ban san Juma'a nawa ta rage ba."

Juma'a ta bakwai na shiga wurinsa kai tsaye. Na ce, "Kawu, abin kunnen nan..."

"Na ji..."

"Ba ka ji ba! Kawu, don girman Allah ka yi shiru!"

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya saki baki, ni kuma na samu ƙofa na kutsa. Na ce abin nan kunne gare shi, kuma yana da ɗan baki da ke ɗaukar muryarka. Hanyar da ke tsakaninsa da kwamfuta siririya ce, kamar kunyar gonar albasa, jaki biyu ba sa wucewa tare. In ana wa'azi kunnen kaɗai ke aiki, shi ya sa kake ji tar. Da an fara kira sai bakin ya buɗe, su hau cunkoso, ji ya lalace. Magani shi ne a rufe masa baki, a bar makirufon kwamfuta ya ɗauki muryarka.

Ya ce, "Watau in ya buɗe baki, ba shi ji?"

"Haka ne, Kawu."

"Wa yab biyo da wanga mugun hali?"

Na cije leɓe. Na shiga saitin sauti, na sauya makirufo, na danna kira. Ko minti ɗaya ban yi ba! Sati bakwai, buhun gero, da cinyata, a kan wannan.

Alhaji Babba ya bayyana, an jingina shi da matashi. Kawu ya ƙure ƙarar abin kunnen, har ni da ke gefe ina jiyowa. Muryar tsoho ta fito ƙarama, amma tas:

"Bawa, Jumma'a bakwai ina hwaɗa maka. Tsamiya taka ta. Ka gahwarce ni."

Na ga hannun Kawu ya ɗaga, irin ɗagawar nan da kuka sani. Na ce a raina shi ke nan, ga ta nan tafe. Sai hannun ya tsaya a sama, ya sauko a hankali ya dafe abin kunnen. Ya ce:

"Yaya, ban jiya ba. Sake hwaɗi."

Ya ji sarai, ni shaida ce. Sau uku ya sa tsohon nan ya maimaita, sannan ya ce shi ma a yafe masa. Na fita tsakar gida na bar su.

Alhaji Babba bai ga Juma'a biyu bayan nan ba. Kawu ya bi shi da damina. Abin kunnen yana wurina, har yau da guntun zaren a jikinsa, na kasa kwancewa.

Allah, Kai ne Mai ji, ba a katse Ka kuma ba Ka gajiya da saurare. Ka ji roƙonmu a kan Kawu Bawa da yayansa, Ka yafe musu kamar yadda suka yafe wa juna. Ka zaunar da su a inuwa guda wadda ba ta da iyaka a tsakani. Amin.