Maɗaurin da Baba Tela Ya Ɗinke

Ranar Laraba, sha shida ga watan Yuli, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Tela a shagonsa, ƙafarsa na kan keken ɗinki. Ina cikin jera allurai a wurin aiki 'yarsa ta kira ni. Na ce na Allah muke kuma wurinSa za mu koma, na ajiye wayar, na ci gaba da jera alluran har na gama, don hannuna ya rasa abin yi in ba wannan ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan, kuma akwai magana tsakanina da kai, Baba, wadda ta hana ni sakat.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, shekarata goma sha tara a nan. Sha bakwai daga ciki da kai muka yi su. Ina tuna ranar da ƙannenka suka kawo ka, ka yi mako ba barci, kana jin muryoyin da ba wanda ke ji, kana cewa wani ƙato na zaune a kan ƙirjinka. Wata biyu ka yi a kwance. Daga nan Allah Ya sa magani ya karɓe ka, ka koma shagonka, ka aurar da 'ya'yanka uku da kekenka. Duk Litinin ɗin farkon wata kana zuwa allurarka, tef ɗin awo a wuya. Sau ɗaya tak ka taɓa fashi, ranar da aka haifi jikarka ta fari, washegari ka zo kana ba ni haƙuri kamar ka yi laifin kisa.

Ba ka taɓa miƙo hannu ba tare da ka tsokane ni ba. "Sista, ni ma fa allura ce sana'ata, amma ban taɓa soka ta da mugunta irin taki ba." Ni kuma in ce yadi kake sokawa, yadi ba ya mita. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san bakina ba ya da linzami, ɗalibai har laɓewa suke in sun hango ni. Kai kaɗai ne ba ka taɓa jin tsorona ba.

Bencin da ke ƙofar ɗakin allura naka ne. Ka gama da mu tun tara na safe, amma ba ka tafiya sai ka ga ko akwai baƙin zuwa. Na taɓa ganin wata uwa da ta kawo 'yarta budurwa, ta ja mayafi ta rufe fuska don kada wani ya gane ta. Ka matsa kusa ka ce, "Baiwar Allah, dube ni da kyau. Ni ma a ɗaure aka shigo da ni ta ƙofar nan. Yau rabin unguwarmu ɗinkina suke sawa." Ta daɗe tana kallonka, sannan ta sassauta mayafin. Mu da takardunmu sai mu yi wata muna neman abin da ka yi a minti biyu.

Labulen tagogin ɗakin kwanciya kai ka ɗinka, saboda ka tsani yadda masu wucewa ke leƙe. Rigunan da ake ba waɗanda aka kwantar ma sai da ka kwashe su ka sa wa kowacce aljihu. Na tambaye ka me marar lafiya zai zuba a ciki, ka ce hannunsa. Ka ce mutum in an ba shi rigar da ba aljihu, ji yake kamar ba a yarda da shi ba.

To, Baba, bari in zo kan Litinin bakwai ga wata.

Mutum arba'in da uku ne a layi ranar, likita ya tafi taro, ni kaɗai ce a ɗakin. Ka shigo ba tsokana. Ka zauna ka ce, "Sista, kwana biyun nan wani abu na danne min ƙirji, musamman in na hau matakalar shago." Da na ji ƙirji da dannewa, hankalina ya koma shekara goma sha bakwai baya. Na shiga jero maka tambayoyin da na haddace. Kana barci? Kana jin muryoyi? Kana jin ana bin ka? Duk ka ce a'a. Sai ka ɗora hannu a ƙirji ka ce, "Ba irin na da ba ne, Sista."

Na ji ka da kunnena. Na ɗauki biro na rubuta a fayil ɗinka: alamun tsohon ciwo, a sa ido. Na yi maka allura, na ce kada ka damu, ka dawo bayan mako biyu.

Na'urar awon jini tana kan teburina a lokacin. Wata uku ke nan maɗaurin da ake naɗa wa mutum a damtse ya farke, ba ya kamawa, ba wanda ya damu, don a ganinmu mu masu duba ƙwaƙwalwa ne. Sashen masu ciwon zuciya kuwa yana tsallaken fili, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Layi ɗaya zan rubuta a takarda in ce ka je. Kai ne ma ka lura da maɗaurin. Ka ɗauka ka juya shi, ka ce, "Wannan ai aikin minti goma ne," ka zare shi ka sa a aljihu. Na yi maka godiya, na kira na gaba.

Abin da ke cin raina shi ne ba jahilci ba ne. Bara a wani taron ƙara wa juna sani, ina zaune a sahun gaba likitanmu ya karanto mana abin da bincike ke ta nunawa a fagenmu: masu doguwar larurar ƙwaƙwalwa suna riga sauran mutane mutuwa da shekaru masu yawa, kuma galibi zuciya da ciwon suga ke ɗauke su. Wasu magungunan da muke ba su suna ƙara ƙiba. In kuma suka kawo kukan jiki, sai a jingina shi ga ciwon da aka san su da shi. Na gyaɗa kai, na rubuta, har na yi wa ɗalibai faɗa a kai. Ga ka a gabana, kana ƙara nauyi shekara da shekara, ni ina cewa matarka Mama ta iya kiwo.

Likitan da aka kai ka wurinsa ya ce zuciya ce. Na sani ajali na hannun Allah, ba zan ce da na tura ka da kana raye ba. Amma nawa kason na san shi. Tun ranar, da rana tsaka ina cikin aiki sai in ji takun silifas ɗinka a baranda. In ɗaga kai, benci ne kawai. Duk wanda ya zauna a gabana ya buɗe baki, kalmominka nake ji kafin nasa.

Na je gidanka ranar Asabar. Mama ta kama hannuna ta shigar da ni ɗaki, ta jawo wata leda ta miƙa min. Maɗaurin ne, ka ɗinke shi layi biyu, ka ƙara masa ƙyalle ta ciki. Ta ce ka ajiye ne sai ka dawo ranar Litinin. Sannan ta dube ni ta ce, "Sista, ya gaya miki maganar ƙirjin nan kuwa? Ni na matsa masa ya gaya miki."

Ba wanda ya ji mu a ɗakin allura ranar. Da na ce a'a, da maganar ta mutu. Na ce, "Ya gaya min, Mama. Ni ce ban saurare shi ba."

Sai ta ce, "Da ya dawo cewa ya yi Sista ta duba shi, ba komai. Shi ya sa ban ƙara yi masa magana ba." Ta share ido da bakin zane. "Kwana ne ya ƙare, 'yata. Ɗauki abin nan ki je ki yi aiki da shi." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba tukuna. Da izininta na rubuta wannan, ta ce ko wani zai ji.

Na kai rahoton kaina wurin likita. Yanzu ba mai karɓar allura a ɗakin nan sai an auna jininsa da nauyinsa, wanda kuma ya ce ƙirji, da ƙafata nake raka shi tsallaken fili.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa. Ka sa jinyar da ya sha da haƙurin da ya yi su zame masa kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta waɗanda mutane ke leƙe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa uku, da jikokinsa, da ƙannensa da suka riƙe shi tun ranar farko, da mutanen benci da ke ta tambayata ina ka shiga. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Ɗinkinka ya kama, Baba. Sau arba'in nake ɗaura shi a rana, bai taɓa saki ba. Hannunka kaɗai ne ban ɗaura wa ba. Ka yafe min.