Ƙwayar da Na'ura Ta Zaɓo Mana

Ko zan manta komai na zamanmu a Doha, ban da ranar da muka karɓo sakamakon gwajin nan. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita a raina.

Mun daɗe da aure ba haihuwa. Maigidana injiniya ne, muna zaune a unguwar Bin Mahmud. Da aka auna mu, sai aka gano matsalar daga wajensa take: ƙwayoyin haihuwarsa kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu ma ba sa motsi. Ana shirin fara mana magani korona ta shigo, aka ɗage komai. Muka zauna a kulle, shekaruna suna ta tafiya, shi kuwa ya koma ko haɗa ido da ni ba ya iya yi.

Dab da gasar kofin duniya aka kira mu asibiti. Likitar, wata Balarabiya mai fara'a, ta ce yanzu akwai na'ura mai kyamara da ke tantance ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓo mai lafiyar da idon mutum zai iya tsallakewa, a haɗa ta da ƙwaina a ɗakin gwaji. Ta nuna mana a kwamfuta, wani koren zobe yana bin wata ƙwaya tana wutsil-wutsil. Maigidana ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashin. "Likita, wannan tawa ce?" Ranar na ga dariyarsa da na daɗe ban gani ba. Yanzu da na waiwaya, na san tun a nan muka saki jiki fiye da kima.

Na sha allurai, aka yi mini dashen a mahaifa, na daina ɗaukar ko tulun ruwa. Ranar sakamako likita ta cire tabarau ta ce, "Ku yi haƙuri, bai kama ba." Maigidana ya tambaya ko za a sake. Ta ce ƙwaina sun ja baya sosai, ba za ta sa mana rai ba. "Khalas, magana ta ƙare ke nan?" in ji shi. Ta sunkuyar da kai.

A tashar jirgin ƙasa ta Mushairib muka faɗa cikin 'yan kallon ƙwallo, ganguna da tutoci ko'ina. Wani ɗan jariri a kafaɗar ubansa ya miƙo hannu ya cafke hular maigidana. Sai kawai maigidan nawa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. "Ki yafe ni," ya ce. "In kina so in sauwaƙe miki ki samu mai ba ki ɗa, wallahi ba zan riƙe ki ba."

"Haba Yaya, in tafi ina?" Abin da na iya faɗa ke nan.

Har yau muna tare, mu biyu rak, gidan shiru. Abin da na koya shi ne, na'ura tana iya zaɓo ƙwayar da ta fi kowace lafiya, amma busa rai na Allah ne shi kaɗai. Na yarda da haka, sai dai yardar ba ta rage mini zafin ba.