Abin da A'i Ta Ɓoye a Langa

A unguwar Ilelah cikin garin Bauchi, in aka ambaci A'i matar Babayo tela, tsofaffi sai sun yi dariya kafin su ce Allah ya jiƙanta. Ita ma da tana raye ita ke fara dariyar. Takan ce mutane Allah ya ba su hannu, ita rariya ya ba ta, duk abin da ya shiga sai ya zube.

Daga Jahun aka kawo ta, a shekarun da ake ta cewa Turawa sun kusa tafiya. Ba ta fita ko'ina, amma kasuwa ke biyo ta har tsakar gida. Mai atamfa ta shigo, mai turare ta biyo baya. Da A'i ta ce "bari dai in gani", an gama. Ta taɓa sayen agogon da ba ya tafiya, wai fuskarsa ce ta yi mata kyau. Kuɗin cefane kuwa, miyar gidan ce ta san inda suke zuwa.

Babbar jarabarta ita ce Paulina, matar Istifanus da ke yi wa wani Bature kuku a Bariki. Matan Turawa na ɗaure kaya, abin da ba za su ɗauka ba Paulina ke zubowa a kwando tana zaga gidaje da shi.

Ranar da Babayo ya sa hannu a miya ya ji babu nama babu daddawa, ga sabon madubi a bango, sai ya ture kwanon.

"A'i, ni keken ɗinki nake takawa, ba gona gare ni ba. Na ga kin kusa zuwa gida." Nan ya tsaya ya kalli ƙasa, don bakinsa ba zai iya cewa ciki ba. "To in kika ƙara sayen ko allura ce, in kin je ki yi zamanki."

Cikin fari ne, kuma cikin fari ba a faɗarsa. Mai shi ba ta faɗa, mijin ba ya faɗa, balle a gaban uwarsa. Ko maƙwabta suka ce "A'i kin yi nauyi", sai ta ce tuwo ne. In ya tsufa a mayar da mace gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta gama wanka, sannan miji ya aika a dawo da ita. Wannan aiken ne Babayo ya ce ba zai yi ba. Kuma shi ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa ta tsorata.

Ta yi tuba ta gaske. Masu talla suka yi ta komawa da kayansu. Sai ga Paulina.

"Amarya, yau ba naki na kawo ba. Na baƙon da ke hanya ne."

"Wane baƙo? Mu ba mu da baƙo."

"To shi ke nan, bari in kai wa maƙwabciyarki matar Modibbo."

"Tsaya mana, Paulina. Gani kawai zan yi."

'Yar riga ce fara, mai tattara a ƙirji, maɓallanta kamar ƙwayar gero. A'i ta ɗora ta a tafin hannu, ta ji abin cikin ya motsa, ta ce wa ranta ai ka ji, shi ne ya ce yana so. Ta cire 'yan kunnenta ta miƙa. Bayan riga sai hular ulu, a garin da rana ke gasa mutum. Bayan hula sai safa, sai takalmin da ba zai taɓa taka ƙasa ba, sai kwalbar madara wadda ita kanta ba ta san yadda ake buɗe ta ba.

Ɓoyewa ba ta ba ta wahala ba. Tana da jere, langogi kan langogi har kusa da rufi, kowace da marufinta, kuma namiji ba ya taɓa jeren matarsa. Kowace langa ta samu nata. A'i ta riƙa kallon jeren tana yaba wa kanta wayo.

Abin da ta manta shi ne langa ta amarya ce, amma ta unguwa ce ranar biki. Da makon 'yancin kai ya zo, aka ce kowace unguwa ta yi girki, aka zaɓi gidansu saboda faɗin tsakar gida. Da hantsi A'i tana banɗaki tana wanka, ta ji muryar uwar mijinta, Inna Yelwa, tana cewa, "Ku sauko da na ɗakin yarinyar nan, su suka fi sabunta."

Ta fito da kumfa a wuya. An riga an jera su a tabarma, Inna na buɗewa ɗaya bayan ɗaya don a ɗauraye. Ta farko hula. Ta biyu safa. Matar Modibbo ta sa takalmin a yatsu biyu tana tafiyar da shi a ƙasa.

"A'i, ashe tuwon naki har ƙafa gare shi."

Mata suka zube da dariya. Suna cikin haka Babayo ya yi sallama, ɗauke da ƙunshin tutocin kore da fari da ya ɗinka wa 'yan makaranta. Mata suka ja mayafi. Ya dubi tabarma, ya dubi kunnen A'i da babu komai. Ta ce a ranta, Jahun, ga ni nan har abada.

Ya buɗe baki, sai ya ga uwarsa zaune. In ya yi faɗa, sai ya faɗi abin da aka saya. In ya faɗi abin da aka saya, sai ya faɗi wanda aka saya wa. Inna Yelwa ta kalle shi ta ce, "Kana da magana ne?"

"A'a, Inna."

Ya sunkuya ya ɗauki rigar, ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da babban yatsa. "Aikin banza," ya ce. Ya cusa ta a aljihu ya fita.

Haka aka kai ta gida bai ce mata komai ba. Ta haifi 'ya mace. Ana mata wankan ruwan zafi tana kuka, uwarta na cewa ta daure, ba ta san ba ruwan ba ne. Duk sallamar da aka yi a zaure sai A'i ta miƙe zaune.

Ana gab da arba'in Inna Yelwa ta zo da ƙunshi. Ciki akwai farar rigar, an farke ta an sake ɗinkawa, da wasu irinta na ragowar ƙyallen tuta. Ashe matan da suka yi dariya sun bi Babayo shago ɗaya bayan ɗaya, kowace na son "irin ta A'i" don jikanta, har ya rasa lokacin ɗinkin manya.

"Ya ce ki shirya jibi," in ji Inna. "Ya kuma ce in matar kukun nan ta zo da wani samfurin, ki tsayar da ita ya gani. Gani kawai."

A'i ta yi shekaru masu yawa a gidan Babayo, ba ta kuma daina saye ba. Duk abin da ta kwaso, in ya ɗaga gira, sai ta ce, "Malam, ka tuna rigar nan." Ita kanta takan ce a duk tarkacen da ta saya a duniya guda ɗaya ne ya yi amfani, kuma a kansa ta ci aurenta har ƙarshe. Keken jarirai da Paulina ta turo mata bayan ta dawo, jaririyar ba ta yarda ta kwanta a ciki ba ko sau ɗaya. Da shi aka riƙa ɗauko itace.